Shekarar da Munka Ja Leda

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ja kwanana har na ga ɗiyan jikokina. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani magana. Abin da ya sa na zaunar da ku a kan wanga labari, na ji ku ranar suna kuna gaya wa baƙi wai babanku ne ya fara tufka igiyar leda a unguwarmu, shi ya sa ake ce da gidanmu Gidan Igiya. Allah ya jiƙan babanku, mutum ne mai haƙuri da ƙarfin aiki, kuma shi ya kawo ledar gida, wannan ba ƙarya. Amma igiyar da ya tufka tana can ƙasan rijiya har yau, ita da guganmu na fata. To ku gyara zama ku ji ta wa ce ta jawo ruwa.

Lokacin da anka tare gulbi a Bakolori, ruwa ya hau ya cinye garinmu da fadamarmu, anka kwashe mu zuwa sabon wuri bisa tudu, ta wajen Maradun. Baƙin cikin wannan zamani yana da yawa, akwai waɗanda sunka rasa abin da ya fi gona, amma ba shi na zauna faɗa ba yau. Mu uku ne a gidan, babanku, da ni, da mahaifiyarsa Inna. Na huɗun yana cikina, babban yayanku ke nan, cikin ya fara nauyi. Ni 'yar Bakura ce, uwata ta rasu tun ina goye, ban san fuskarta ba. Da anka kawo ni gidan miji, Inna ta karɓe ni kamar ita ta haife ni. Ita ta koya mani gurza auduga, da shiɓa ta da baka, da riƙon mazari. Faɗanta ya fi na kowa, tuwonta ma haka. Ba ta taɓa kiran sunana ba, 'Yar Bakura take ce mani. Babanku kuwa ɗanta ne na fari, kunya ba ta bari ta ambaci sunansa, sai dai ta ce wancan, ko da yana tsaye gabanta. Tun cikina yana ƙarami ta yi mani alkawari ita za ta yi mani wankan jego da hannunta, tunda ba ni da uwar da za a mayar da ni wurinta.

To, sabon wuri ba ruwa. Mu da munka saba gulbi na bayan gida, sai ga mu muna jiran motar tanki, mata na ture juna da tuluna. Inna ta ce ruwan warin ƙarfe yake, in ta yi alwala da shi zuciyarta ba ta kwanciya. Babanku ya tara maƙwabta sunka haƙa rijiya a tsakar gidanmu. Sunka yi ta haƙa, sunka yi ta haƙa, har Allah ya sa sunka tarar da ruwa, amma can ƙasa, in ka leƙa sai ka hango shi ɗan ƙarami kamar idon kifi. Ga rijiya, ba igiya. Ramar da muke tufka igiya da ita a fadama take tsirowa, fadama kuwa tana ƙarƙashin dam. Wadda ake kawowa kasuwar Mafara kowa na rububinta, ta ƙare tun da hantsi, ragowar ruɓaɓɓiya ce. Guntayen igiyoyin da munka taso da su munka ƙulla su duka, ba su kai rabin rijiyar ba.

Ana nan, ana nan, wata rana muna zaune da Inna muna kaɗi, sai ta ajiye mazarinta.

"'Yar Bakura, ni Jangebe za ni, wurin Kulu."

Kulu ita ce gwaggonku, ƙanwar babanku, tana aure can. Na ce, "Ziyara, Inna?"

"Zama. Ban iya tsufa a gidan da ba a jan ruwa."

"To jegona fa?"

"Da wane ruwa? Kin san tukunya nawa mai jego ke sha safe da marece? Da na tanki zan dafa ki, wanda sai an yi kokawa a samu tulu ɗaya? A kai ki Bakura, matar kawunki ta yi miki."

Matar kawuna ba muguwa ba ce, amma ban taɓa kwana ɗakinta ba. Na sunkuyar da kai ina murza mazari, zaren yana tsinkewa, ina ɗaurawa, yana tsinkewa.

A lokacin babanku yana aikin lebura inda ake zuba siminti a hanyoyin ruwa na noman rani. Akwai wata leda mai kauri, baƙa, da suke rufe simintin da ita kada rana ta fasa shi. Wadda ta yage sai a bar wa leburori. Ya zo da manya biyu. Ɗaya ya shimfiɗa bisa jinkar ɗakina ya danne da itace, don ciyawar da munka samu ba ta rufe ɗakin da kyau ba, ga damina na tafe. Ɗayar ya ce igiya zai yi da ita. Inna ta zagaya ta, ta shafa, ta sansana, ta ce in dai igiya ce sai an jiƙa, haka ake yi wa rama. Munka yanka ta siri-siri munka tsoma a kwatarniya, munka danne da dutse. Kullum da safe Inna ta je ta ɗaga ta duba ko ta yi laushi. Kwanaki sunka shuɗe, leda ta fito yadda ta shiga, ruwa na gangarowa jikinta kamar bayan agwagwa.

"Wannan ba ta da kunya," in ji Inna. "Ko wanka ba ta ji."

Babanku ya zauna ya tufka ta a cinya, ya murɗa iya ƙarfinsa, don mu dai abin da munka sani ƙarfin igiya yana ga murɗi. Ta fito doguwa, mai kauri, tana sheƙi. Ranar gwaji matan maƙwabta sunka cika gidan da tulunansu. Ya ɗaura guga, ya yi bisimilla, ya zura. Munka ji guga ya taɓa ruwa, ya cika. Ya fara ja. Yana ja igiya na biyo shi, yana ja tana biyo shi, ta taru tuli a ƙafarsa, amma da wata ta leƙa sai ta ce guga yana nan zaune bisa ruwa bai motsa ba. Ya naɗa igiyar a hannu ya fara ja da baya. Ya wuce murhu, ya wuce turken akuya, ya kusa ƙofar zaure.

"Malam, Maradun za ka kai ta?" in ji wata tsohuwa.

Sai can guga ya taso, ya yi sama kaɗan, sai munka ji ɗas! Babanku ya zauna daɓas cikin kwatarniyar da munka jiƙa leda, guga ya koma inda ya fito da igiyarsa. Mata sunka toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Ni ma na shige ɗaki na yi tawa dariyar, na gama na yi kuka. A daren ranar Inna ta sa anka aika Jangebe, cewa Malam Bawa mijin Kulu, in ya zo cin kasuwar Talata mai zuwa, ya biyo ya tafi da ita.

Washegari da azahar, babanku yana wurin aiki, na fito na tarar da Inna zaune gindin bango da guntun igiyar da ya rage a hannunsa jiya. Ta warware shi sili-sili tana dubawa. Ita haka take, ko za ta bar gida gobe, in ta ga zare ya tsinke sai ta san dalili.

"Zo nan, 'Yar Bakura. Ja wannan."

Ta miƙo mani sili mai faɗi, wanda yake yadda munka yanka shi. Na ja, ya biyo ni kamar ƙullun alkaki.

"To ja wannan."

Wannan kuwa siriri ne, daga wurin da nauyin guga ya riga ya miƙar. Na ja, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya shiga naman yatsana, bai ƙaru ko kaɗan ba. Na kaɗa shi da farce ya yi ƙara kamar tsirkiyar bakan shiɓa.

"Kin gani? Rijiya ta ja mana shi. Ɗanya wancan ya tufka ta. Ke in kin shiɓa auduga, kin taɓa murɗa ta haka nan ba ki ja ba?"

Na ce a'a. Ku da ba ku yi kaɗi ba, bari in gaya muku. Audugar da anka shiɓa, gashinta a hargitse yake, wani ya dubi gabas, wani ya dubi yamma, wani ya naɗe kamar mai barci. In ka murɗa ta a haka, ɗan yaro ma ya raba ta. Sai hannun hagu ya ja ta a hankali, gashin ya miƙe ya kwanta gefe ɗaya, kowane ya jingina da ɗan'uwansa, sannan mazari ya murɗa, sannan ta zama zare. Inna ta ce leda ma haka take, akwai gashi a cikinta ko da ido ba ya ganinsa, a hargitse yake sai an ja shi ya shiga sahu. Ni ban taɓa ganin cikin leda ba, amma hannuna ya gaskata ta.

Ta ce, "Da akwai wata ledar, da na nuna wa wancan yadda ake igiya." Sai ta karkaɗe zaninta. "Amma babu. Tashi ki ɗora tukunya."

Babu ɗin kuwa gaskiya ce, don an mayar da su babanku fasa dutse, ba ya samun ko ƙyalle. Na ɗaga kai na dubi jinkar ɗakina. Na san abin da ke ƙarƙashinta: gadona, da taskirar audugata ta ƙarshe daga gonar da ruwa ya cinye, da zaren da na kaɗa don a saƙa mani zanen goyo. Na san gabas ta fara haɗa gira da marece. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko doguwar gora, da cikina da komai, na ture itatuwan, na jawo ledar ta faɗo tsakar gida. Inna ta dafe ƙirji.

"Ke! Ɗakin naki fa?"

Na ce, "Ɗaki ba ya yi mani wanka, Inna."

Ta dube ni, ta dube ni, ta ce in ɗauko wuƙa.

Da babanku ya dawo ya ga jinka tsirara, ya ga ledarsa ta zama sili-sili, ya tsaya bakin zaure bai ko ajiye gudumarsa ba.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ce.

"Ruwan farko a kanki zai sauka, kin sani?"

Na ce na sani. Bai ci tuwona ba a daren. Kuma abin da ya faɗa bai faɗi ƙasa ba, gara in gaya muku tun yanzu. Daminar nan duka a ɗakin Inna na kwana, audugata ta jiƙe ta yi baƙi, zaren goyo ya ruɓe a taskira. Babban yayanku da tsohon zanen Inna anka goya shi. Daga nan ban sake kaɗin kirki ba, don ba gonar auduga, atamfa kuma ta cika kasuwa. Na yi kewar mazarina ƙwarai, har yanzu in na ga auduga yatsuna na motsi. Amma da za a mayar da ni ranar, gorar zan sake ɗauka.

To sai aikin ja. Ni da Inna munka zauna muna fuskantar juna, kowa ta naɗa bakin sili a ɗan kara don kada ya yanke mu. In munka fara ja, sai wuri ɗaya ya tsuke kamar ƙugun zanzaro, sai tsukewar ta kama tafiya, tana cin faɗin tana barin siriri a baya, har ta iso hannuna ta iso hannun Inna. Ɗan guntu ya koma dogo, ninki uku ko fiye. Abin har daɗin kallo. Munka koyi halinta da ɓarna. In ka fizge ta da sauri, ta tsinke. Wadda ta kwana cikin sanyin inuwa, ko wadda munka taɓa jiƙawa, gardama gare ta, tana tsukewa nan da can ta bar kumburi a tsakani. Amma wadda munka shanya bisa dutse rana ta gasa ta, sai ta biyo hannu sumul kamar man shanu. Don haka da tsakar rana muke aikin, lokacin da kowa ke neman inuwa, gumi na ɗiga, Inna na waƙar daka ƙasa-ƙasa don hannunmu ya tafi tare. Kuma akwai inda take tsayawa. Za ka ji ta ƙi, kamar jaki ya ga rami. Inna ta ce da ta ƙi a ƙyale ta, ta gama shiga sahu.

Ranar Juma'a ba aiki, babanku ya gaji da fushi, ya matso ya tsuguna yana kallo. Can ya ce shi ma a ba shi. Ya taka baki ɗaya da ƙafa, ya ja, ta miƙe, ta ƙi. Shi kuwa namiji, ya ga in ja ke sa ƙarfi, to ƙarin ja ƙarin ƙarfi. Ya cije leɓe ya ƙara. Silin ya yi fari-fari, ya ƙara tsawo kaɗan, ya yi tauri kamar waya. Ya ɗaga shi sama yana murmushi.

"Kun ga na maza."

Inna ta karɓa, ta ƙulla shi ƙulli ɗaya ta ja. Ya tsage a tsaye, ya tarwatse kamar bakin tsintsiya, ya tsinke daidai ƙullin.

"'Yar Bakura, gaya wa wancan," in ji ta, shi kuwa yana gabanta, "ya ja ta har ba ta da sauran lanƙwasa. Igiyar da ba ta ɗaukar ƙulli, da mi za a ɗaura guga? Ya bar mana ja, shi ya yi tufka, nan ne Allah ya ba shi."

Babanku ya yi dariya har ya zauna ƙasa, fushi ya ƙare. Haka munka raba aikin, mu mu ja, shi ya tufka, kuma tufkarsa ba ta da na biyu, wannan ku rubuta masa. Duk da haka Inna ba ta ce ta fasa tafiya ba. Kullum da marece sai ta ƙara wani abu cikin ƙullin kayanta, yau tasbaha, gobe ƙwaryar furarta. Ni kuwa ban tambaya ba, tsoron amsa nake.

Ranar Talata da hantsi anka gama igiyar. Siririya ce, ba ta kai rabin kaurin ta farko ba, har babanku yana jin kunyar a gan ta. Ba mu kira kowa ba wannan karon. Muna cikin neman aron guga sai ga sallama, Malam Bawa ne, ya ce ya fara biyowa nan kafin kasuwa ta cika, motar Jangebe da la'asar take tashi. Anka shimfiɗa masa tabarma, anka gaisa, ya gida, ya Kulu, ya yara, ya gajiya, ya baƙunta a sabon wuri. Ƙullin Inna yana nan bakin ƙofarta a ɗaure. Na tashi zan ɗebo masa ruwan tanki a randa, Inna ta ce in zauna.

Ta ɗauki gugan aro ta ɗaura da hannunta, ta ja ƙullin ta gwada shi, ta zura. Tsohuwa ce, amma ba ta bari babanku ya taɓa ba. Munka ji guga ya cika. Ta ja hannu ɗaya, na ga igiyar ta miƙe tsaf. Ta ja na biyu. Duk hannun da ta ja, guga ya taso daidai shi, ba ƙari ba ragi. Tana ja, tana ja, ina jin ruwa na zuba yana komawa ƙasa, ƙarar tana matsowa, har bakin guga ya bayyana yana digo. Ta zuba a ƙwarya, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye. Sannan ta ba ni na kai wa baƙo. Ya sha, ya ce kai, wannan ruwa da sanyi yake.

"To Inna," in ji shi, "in kin shirya, sai in ɗauki kayan mu kama hanya."

"Bawa, wannan ƙatuwar tukunyar da na yi wa Kulu jego da ita, tana nan ko kun fasa ta?"

"Tana nan lafiya lau, Inna."

"To Talata mai zuwa ka taho mani da ita. Ka sa ciyawa a gindinta kada mota ta fasa. Ka gaida Kulu."

Malam Bawa ya dubi babanku, babanku ya dubi ƙasa yana murmushi. Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya a hannu, ban san hawaye na zuba ba sai da Inna ta juyo.

"Ke kuma kin tsaya kina kallona kamar ba ki da aiki. Zo ki kwance mani ƙullin nan, ƙwaryar furata na ciki."